Yadda muka yi fim ɗin soyayya a Tawa ba mu kashe kowa ba

Duk mai kallon finafinan soyayya ya san ta ƙofar da ƙaddara ke shigowa: ana gobe ɗaurin aure mota ta kife da ango, ko likita ya fito yana girgiza kai. Da ni da abokaina na fada, wato majalisarmu ta shan shayi, muka zauna rubuta gajeren fim ɗinmu, nan muka nufa. Mai dafa mana shayi ne ya ce, "To, motar wa za ku kifar?" Ba mu da mota, kuma a Adar, yankinmu na Tawa a Nijar, abin da ke raba saurayi da budurwa a ƙofar gida yake: cin rani. Ana gama girbin hatsi samari su kama hanyar Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, da niyyar haɗa kuɗin sadaki da na akwati su dawo kafin damina. Wani ya dawo, wani shiru.

A kan haka muka gina labarin. Saurayi ya tafi Abijan, kullum dare yana turo saƙon murya ta WhatsApp, sai saƙon ya fara jinkiri, har ya yanke. Nan gida kuma wani ɗan kasuwar albasa, mutumin kirki, ya aiko magabatansa. Ba mu sa mugu ko ɗaya ba. Uban yarinyar ma ba azzalumi ba ne, ya dai jira damina biyu, maƙwabta sun fara tsegumi.

Samun wadda za ta fito a matsayin budurwar ya fi rubutun wuya. Gidan da suka yarda sun kafa sharaɗi: goggonta za ta riƙa zuwa wurin ɗauka. Ta zo da tabarmarta da carbinta, mu kuwa muna ganin takura ce ta same mu. Ashe ita za ta gyara mana fim. Mun rubuta wata fitowa inda yarinyar ke tsayawa gaban mahaifinta tana zuba dogon jawabi kan so. Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta kira ni gefe.

"Ɗana, wace ɗiya ce za ta yi ma ubanta wagga magana? Wurin uwatta za ta tahi, ko ta taho gare ni."

Na ce, "To Goggo, me za ta ce wa uwar?"

"Ba ta cewa komi. Uwa ta sani."

Muka mayar da fitowar bakin murhu. Uwa na tuƙa tuwo, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Haƙuri za ki yi, matar mutum kabarinsa." Yarinyar na tankaɗe, wayarta a gefen zane, ta danna tsohon saƙon saurayin ta kara a kunne, ta ci gaba da tankaɗenta. Babu kuka, babu kiɗa. A ganina duk fim ɗin babu wurin da ya kai wannan, kuma ba mu muka ƙago shi ba.

Hoto bai wahalar da mu ba, muddin mun yi ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, don ranar tsakiya ƙone fuska take yi a kyamara. Sauti ne ya ba mu kashi. Lokacin hunturu ne, iska na hura makirufo, ga injin niƙa, ga ƴan kabu-kabu, ga akuyar maƙwabta da ba ta san an ce a yi shiru ba. Safa muka sa wa makirufon, wasu maganganun kuma sai da muka sake naɗarsu a ɗaki, an jingina katifa a taga. Mai kallo yakan yafe hoto mai dishi-dishi, amma in bai ji abin da masoya ke faɗa ba, tashi zai yi.

A bangon wani gida muka haska shi da dare. Wani dattijo, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce kada mu ɗauka mu muka fara: Mustafa Alhasan ya daɗe yana aikin fim a garin nan kafin rasuwarsa a 2015, kuma fim ɗin Umaru Ganda da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, labarin budurwa ne da aka yi wa saurayi alkawarinta, wani alhaji ya aure ta. Ana cikin haka gardama ta ɓarke. Mata suka ce yarinyar ta yi daidai, jira ba sana'a ba ce. Samarin da suka taɓa zuwa cin rani suka ce ba mu nuna abin da ya sami yaron a can ba, ai waya na ɓacewa, aiki na tsayawa, mutum na jin kunyar kira hannu wofi. Gaskiyarsu, kuma kowa ya ce a yi kashi na biyu daga ɓangarensa. Mun rubuta, sai dai jarumin namu da kansa ya tafi Abijan bayan girbi, muna jiran damina.