Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardun Baffa da Rabon Riba

Makon jiya na tsaya a shekarun da na yi a ofishin dillalan hannun jari, sai 'ya'yan Goggo na Bajoga suka taso ni da tambaya: yaya ake saye, kuma ta ina ribar take fitowa? Tambayar da iyayensu suka ƙi yi a lokacin da ya dace ke nan. Zan amsa.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce: "Nagge don nononta ake kiwonta." Da wannan hankalin ya sayi hannun jarin simintin Ashaka da na bankuna, ya adana takardun. Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani. Ana samun riba ta hanya biyu: farashi ya tashi ka sayar, ko kamfani ya ci riba ya raba wa masu shi. Baffa na biyun ya riƙe, kuma har gobe ina ganin shi ne da gaskiya.

Ba a shiga kasuwar kai tsaye. Sai ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, kuma ka duba sunansa a shafin hukumar kafin ka tura ko kwabo. Zai nemi BVN, katin shaida, hoto, shaidar adireshi da lambar asusun banki, ya buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar hannayen jari da ta fara aiki a 1997, a ba ka lambar CHN, wato lambar shaidarka a ma'ajiyar. Wannan lamba ka riƙe ta da kyau. Daga nan ka zuba kuɗi, ka faɗi kamfani da adadi, ka kuma faɗi farashin da ba za ka wuce ba, domin in ka bar shi a buɗe za a saya maka a duk yadda aka samu. Akwai la'adar dillali da kuɗin hukumomi a saye da sayarwa, shi ya sa mai shiga yau ya fita gobe yakan tarar ribarsa ta ƙare a hanya.

Rabon riba kuwa ba dole ba ne. Daraktoci ke ba da shawarar adadi, masu hannun jari su amince a babban taron shekara. Wasu kamfanoni sukan ba da wani kaso a tsakiyar shekara. A ce kana da hannu 10,000, aka sanar da kwabo 50 kan kowane, naira 5,000 ke nan. A cire harajin kashi 10 cikin 100, ya rage 4,500. Inda sababbi ke faɗuwa shi ne ranar cancanta: wanda sunansa ke cikin rajista a wannan rana shi ke karɓa. In ka saya bayanta, ribar ta wanda ya sayar maka ce, kuma kasuwa takan rage farashin daidai da abin da za a raba. Akwai kuma ƙarin hannu kyauta, misali ɗaya kan kowane biyar. Yawan hannunka ya ƙaru, amma farashin kowane yakan sauka.

Wani abin da mutanenmu ba su sani ba: dillali ba shi ke biyan riba ba. Rajistaran kamfani ne, wato mai riƙe da rajistar sunayen masu hannun jari, kuma kowane kamfani da nasa. Ka cike fom ɗin biyan riba ta banki, sunanka ya zo daidai da na BVN. Nan ne matsalarmu a Arewa. Mutum ɗaya, a wannan takarda Muhammadu, a waccan Mohammed, a ta uku ya ƙara sunan garinsu. Kuɗi su maƙale shekara da shekaru.

Na tuna 2007, bayan haɗe bankunan da aka yi a 2005 lokacin da aka ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25. A Babbar Kasuwar Gombe har masu sayar da atamfa na cike fom ɗin sayen hannun jari. Waɗanda suka kira Baffa ɗan caca su ne suka ci bashi suka shiga, ba su tambayi ko kamfanin yana raba riba ba. Daga Maris 2008 farashi ya rushe. Da sun ji maganar naggen nan, da sun shiga da kuɗin da ba na cefane ba, a kamfani mai ciniki na gaske. Mai gudun kuɗin ruwa ma yana da zaɓi: akwai ma'aunin Lotus, wato jerin kamfanonin da suka dace da Shari'a, bankin Jaiz kuma ya shiga kasuwar a 2017.

A 2017 ɗin ne kuma aka cire Ashaka daga kasuwa, daga baya ya koma cikin Lafarge Africa. Takardun Baffa suna cikin adaka a ɗakin Yaya, ya hana kowa taɓawa tun bayan rasuwa, wai tsofaffin takardu ne. Yaya, ba tsofaffin takardu ba ne, haƙƙin marayu ne da na Inna. Mutumin da ya yi kiwo shekara da shekaru don iyalinsa su sha, an bar abin nasa a kulle.

Hanyar fito da su sananniya ce. A samo shaidar rasuwa, a karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu tare da lissafa kamfanonin a ciki, a buɗe asusun banki da sunan gadon, sannan a kai wa kowane rajistara takardun asali. Shi zai mayar da hannayen ga magada, ya biya ribar da ta taru, a raba bisa Shari'a. Jinkiri yana da tsada, domin dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za a mayar da ita wani asusun gwamnati. Ana iya nema daga baya, amma zirga-zirgar ta ninka. Ku 'ya'yan Goggo, ku fara da rubuta sunan kowane kamfani, lambar takarda da adadin hannu, ku kawo mini jerin kafin zaman gida na gaba.