Sufeton da ba ya shan shayin ofis

Jiya bayan La'asar na leƙa unguwar Gangare da ke Jos gaida Malam, tsohon firinsifal ɗinmu. Ido ya yi rauni, amma muryar nan da ke sa asambili ya yi tsit tana nan daram.

Ya fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta, aka kuma ƙirƙiro jihar Filato. Daga aji ya zama firinsifal, daga baya sufeton makarantu.

Nan hira ta yi daɗi. Ya ce in ya je duba makaranta ba ya fara shiga ofishin shugaba, don can ake haɗa wa mutum shayi a ɗauke masa hankali. Aji yake wucewa, ya zauna a bencin baya, ya buɗe littafin yaro ya ga rabon da jan biro ya taɓa shi, sannan ya nemi rajista. Malamai ba su so ganinsa ba, gaskiya, amma ba wanda ya taɓa cewa ya karɓi na goro.

Na ce, "Malam, yanzu fa?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, bar wannan."

Tsofaffin ɗalibai da ke Jos, don Allah a riƙa leƙa shi.