Ba kowace ƙwayar halitta ke kwafar DNA iri ɗaya ba

Abin da ke ba ni mamaki game da kwafar DNA, wato kundin bayanan gado da ƙwayar halitta ke kwafa kafin ta rabu biyu, shi ne jadawalinta. Harufa kusan biliyan 6 ne a kowace ƙwayar jikinmu da za ta rabu, amma na'urar kwafa da ke cikin ƙwayar ba ta wuce harufa 1,000 zuwa 3,000 a minti. Shi ya sa ake fara aikin daga wurare dubu 30 zuwa 50, a kammala cikin awa 8 ko makamancin haka.

Sai dai wuraren da ake fara kwafa da lokacin farawar ba su zama ɗaya a kowane irin ƙwaya. Ɗauki sashen DNA da ake kira beta-globin, wanda matsalarsa ke haifar da sikila: a ƙwayoyin da za su zama jan jini, da wuri ake kwafarsa, a na fata kuwa, sai can baya. Sashen DNA da ƙwaya ke amfani da shi a buɗe yake, shi ke shiga gaba wajen kwafa.

Illar wannan bambanci tana bayyana a wani sashen DNA da ake kira FRA3B. A fararen ƙwayoyin jini, mafarin kwafa sun yi ƙaranci a tsakiyarsa, don haka idan aikin ya yi jinkiri, ƙwayar kan fara rabuwa kafin a gama, wurin ya tsinke. A ƙwayoyin fata mafarin sun wadatar, tsinkewar ba ta cika faruwa ba.