Inda na kai a aikin faifan birkin Golf 3

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kanikanci. Wannan makon Oga ya sakar mini aikin birkin gaba na wata Golf 3 da ke jigilar mutane da buhuna daga ƙauyenmu zuwa Gumel, ranar Alhamis kuma ta wuce kasuwar Maigatari. Tun 1991 aka fara ƙera wannan samfurin, saboda haka waɗanda ke hanyarmu duk sun haura shekara 25. Kukan direban shi ne in ya taka birki a guje, feda na dukan ƙafarsa, sitiyari na karkarwa. Fad, wato abin da ke matse faifai in an taka birki, kawai yake so a canza masa, don shi ne mai araha.

Da na ɗaga motar a jak, na sa mata kututture a ƙasa don kada in dogara da jak kaɗai, sai na cire taya. Faifan ya ci layi-layi har farce na maƙalewa, ga baki ya taso a gefensa inda fad ba ya taɓawa. Amma Oga ya ce in bar kallo in ɗauko ma'auni. A gefen faifai akwai rubutun da kamfani ya buga na iyakar kaurin da aka yarda a yi aiki da shi, sai dai tsatsa kan rufe shi, sai ka goge da samfefa. Wannan motar faifanta mai ramukan iska ne, faɗinsa milimita 256, kaurinsa sabo 20, iyakarsa 18. Ku lura, milimita 2 kacal ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare, shi ya sa ido ba ya iya raba gardama. Wasu Golf 3 ɗin faifansu sirara ne marasa rami, don haka kowa ya karanta na gabansa.

Wurin awon akwai dabara. Bakin nan da ya taso yakan hana ma'auni sauka a inda ya cinye, sai ya nuna maka faifan da sauransa alhali babu. Na ɗora wosha ɗaya a kowace fuska, na auna da su, na cire kaurinsu daga lissafi. Na zagaya ina awo wuri-wuri. Na hagu ya sauka ƙasa da 18, kuma kaurin bai zo daidai ba a zagaye. Wannan rashin daidaiton ne ke tura fistin da ke danna fad baya yana dawowa, shi direba ke ji a ƙafa. Kai shi wurin masu gogewa a inji ba zai yi amfani ba, don ƙara siranta shi za a yi, sirin faifai kuwa saurin ɗaukar zafi yake, da lodi a kai yana iya tsagewa.

Guda biyu aka sayo daga Ƙofar Ruwa a Kano, tare da sabon fad. Dama da hagu tare ake canza su, in ba haka ba mota ta riƙa ja gefe ɗaya. A ganina, wanda zai sayi na Beljiyam ya tafi da ma'auni a aljihu, domin akwai waɗanda tun daga can sun kusa iyaka.

Da na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad da fistin, sai na rataye ta da waya a jikin sifirin, kada nauyinta ya ja tiyon mai. Ɗan sukurun da ke riƙe faifai ya kafe, sai da ya sha mai ya ɗan jiƙa sannan ya motsa. Inda na fi daɗewa shi ne fuskar hob, wurin da faifai ke zama. Tsatsa da yashin damina sun yi ɓawo a kai kamar ƙanzon tukunya. Na bi shi da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya fito fes, domin ɗan ɓawon da ba ka ɗauka komai ba ya isa ya karkata sabon faifai, bayan wasu watanni karkarwar ta dawo a ce kayan ne jabu. Na wanke man da ake shafa wa sabon faifai don hana tsatsa, na sa giris a sandunan da kalifa ke zamewa a kai, na mayar da fistin a hankali ina duba kofin man birki kada ya tumbatsa.

Notocin taya huɗu ne. Na ɗaure su bi da bi a gicciye, awon ƙarfin ɗaurinsu 110 Nm (Newton-mita), ba a hau kan sifana da ƙafa ba. Kafin mota ta motsa na taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Don Allah kada wanda ya manta wannan, takun farko fanko ne. Sannan muka hau kwalta muna rage gudu a hankali daga kilomita 60 a awa zuwa 20, muna sakewa, don fad ya kwanta a jikin faifai. Karkarwar ta tafi. Na roƙi direban ya guji birki mai tsanani a kilomita 200 na farko.

Man birkinta ya yi baƙi, nau'in DOT 4 ne, yana shan danshi, kuma duk shekara 2 ake son a canza shi. Shi da duba gangunan birkin baya muka ajiye wa ranar Asabar, in Allah ya kai mu.