Ɗaukar fasinja daga Agadez zuwa iyakar Libiya

Motocin Hilux gare ni, da su muke ɗaukar fasinja daga Agadez zuwa Dirku, mu miƙa har iyakar Libiya. Sau ɗaya a mako ake tashi, ayari guda, sojoji na rakiya. Tun ana gobe tafiya ake ɗaurin kaya. Jarkar ruwa a naɗe ta da buhu don kada ta yi zafi, kowa ya rubuta sunansa a jikin tasa. Sai a kakkafa sanduna a gefen mota, fasinja ya zauna ƙafafu a waje, ya maƙale sandar tsakanin cinyoyinsa, saboda wanda barci ya sace a hamadar Tenere ya faɗo, kafin direba ya ji ihu an yi nisa.

Da can a tasha muke lodi, ido na ganin ido, mu biya haraji, jami'an tsaro su ƙirga mutane. Galibin fasinjan 'yan ƙasashen CEDEAO ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma da yawansu aikin birkila ko gadi za su nema a Sabha da Tarabulus, ba su da niyyar ƙetare teku zuwa Turai.

Hungari ta ja wa iyakarta shingen waya a 2015 don tare baƙin haure. Tamu katangar a takarda ta zo, dokar hana safarar baƙin haure mai lamba 2015-36, wadda kowa a garin nan ya san da hannun Turai a cikinta. A 2016 aka fara kame. Direbobi suka sha kurkuku, motoci suka jibge a barikin soja, rana na cin tayoyinsu. An yi alkawarin sefa miliyan 1.5 ga wanda ya bar sana'ar, 'yan kaɗan suka gani a hannu. Ni dai na jingine lodin mutane, na koma jigilar kaya zuwa ma'adinan zinariya.

Tafiya kuwa ba ta tsaya ba, kuɗinta ne ya ninka. Tunda jami'ai a bakin rijiyoyi suke jira, masu kasada suka riƙa kauce wa ruwa, suna bin hanyar da ba sawu, da dare. Mota ta lalace a can, wa zai wuce ya gan ka? Wani direban da ya hango ƙurar sintiri sai ya sauke mutane ya tsere.

A Nuwamba 2023 shugaban mulkin soja Janar Tiani ya soke dokar, muka koma tasha. Yanzu direbana ba ya tayar da mota sai na ga jarkokin ruwa da na mai da idona, da taya biyu na safaya, da wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya cike da caji.