Daren da Muka Ba DJ na Gida Fili a Abuja

Mai kulob ɗin da muka nema a Wuse 2 ya ce Alhamis zai ba mu, ban da Juma'a da Asabar. Ban ga laifinsa ba. Ranakun nan na masu sayen kwalba ne, a sa musu Afrobeats da amapiano, mai makirufo yana zuba musu kirari. Mu kuwa house da techno muke so, wato kiɗan rawa na lantarki, na yaran da ke haɗa kiɗa a ɗakunansu da manhajar FL Studio, ba mawaƙi, ba ambaton sunan wani alhaji.

A kan makirufo muka fara ja-in-ja. Manaja ya ce, "Yallaɓai, in ba a kira sunan mutum ba, ta yaya zai ƙara kwalba?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, bar mana daren nan kawai." Da ƙyar ya yarda. Kiɗan nan a hankali yake ginuwa, DJ na iya shafe minti biyu yana saƙa wani sauti cikin wani, ihu ɗaya ya wargaza aikin.

Abin da ya fi komai amfani shi ne jerin DJ-DJ masu hawa. Amapiano yana tafiya ne wajen bugu 112 a minti, house kuma 120 zuwa 128, techno ya kan wuce 130. Kunnen mutanen Abuja ya saba da na farkon, don haka daga nan muka tashi. Kowane DJ ya san inda zai karɓa da inda zai miƙa. Mai buɗe fili ya fi kowa shan wahala: ƙarfe goma ɗaki wayam, ga zuciya tana raya masa ya saki manyan kayansa. Wanda muka sa ya daure, bai yi gaggawa ba, shi ya sa kafin sha biyu mutane suka baro kujeru da kansu.

Wata yarinya daga Jos ce ta girgiza wurin. Ta ɗora sautin Mamman Sani a kan bugun house. Shi ne mutumin Nijar ɗin nan da ya naɗi kaset na kiɗan lantarki tun 1978, aka sake fito da shi a 2013. Daga nan ta zamo cikin kalangu da irin fiyanon waƙoƙin finafinan Hausa. Mutanen da ɗazu ke tsaye suna latsa waya sai ga su a tsakiyar fili. Ni dai a ganina, DJ ɗin da ya kwafo kiɗan birnin Balin na Jamus kaf ya kawo mana bai kai ta ba, komai ƙwarewarsa.

Sauran darasin na kuɗi da wuta ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin shiga. Tun magariba muka koma kansa, don in wuta ta ɗauke na'urar CDJ da DJ ke sa kiɗa da ita sai ta sake tashi, kafin nan jikin 'yan rawa ya yi sanyi. Kowa kuma ya zo da filas biyu.

Kuɗin DJ mun tsayar da shi tun kafin ranar, har da na mota. Ƙarfe huɗu na dare babu mai son neman abin hawa zuwa Kubwa ko Nyanya da kwamfuta a jaka.