Rumfar katako a tsakar gida

Ina da ɗan shagon kafinta a Kano, kuma da can aikinmu bai wuce ƙofa da gado da durowa ba. 'Yan shekarun nan sai ga masu gidaje suna neman rumfar shan iska, irin wadda ake kafawa a lambu ko tsakar gida: ginshiƙai huɗu ko shida, a jera katakai a sama da tazara, babu kwano. Yawanci waya ake miƙo mini a ce, "Malam, irin wannan nake so." In na duba sai in ga hoton Turai ne, inda ake neman rana ido rufe. Mu kuwa gudunta muke yi.

Shi ya sa kafin zancen kuɗi nake tambaya, "Alhaji, da wane lokaci za a riƙa zama?" In da la'asar ne, sai katakan sama su miƙe kudu da arewa, kowanne a kan gefensa, don su tare ranar da ta karkata yamma. In kuwa tsakar rana ce a watan Afrilu, babu jerin da zai ceci mutum, rana a tsakar ka take. Sai dai a shimfiɗa zana a sama, ko a dasa inabi a yi haƙuri ya hau.

Katako a 'Yan Katako na Na'ibawa nake saye, kuma da kaina nake zuwa. Farin katako na aikin ɗaki ne, ba na kai shi waje ko da mai gida ya matsa saboda araha. Madaci ko iroko nake nema, busasshe. A nan rigimar take, domin ɗanyen katako ya cika kasuwa. Za ka gan shi sambal, ka ɗaga ka ji nauyi ya wuce kima, zarto ya shiga, garin katakon ya fito da damshi yana dunƙulewa a hannu. Ka kafa shi haka, hunturu ɗaya ya isa ya murɗe shi ya tsattsage. Nakan jera shi a inuwa, in sa 'yan guntaye tsakani iska ta ratsa. Masu gaggawa ba sa son jin wannan, wasu ma sun tafi wajen wani.

Da yake ƙafa 12 ake yanko katako, ba na barin tsakanin ginshiƙai ya wuce ƙafa 10, ragowar ta leƙo gefe da gefe. Tsayi kuma ƙafa 9, saboda wasu kan rataya fanka daga baya.

Sai gara. Magabata sun san ta, shi ya sa suka yi rufin soro da azarar giginya wadda ba ta iya ci da sauƙi. Yau sai ka ga an shafa wa ginshiƙi baƙin mai an binne shi a ƙasa, a ce an gama. Ni ba na barin katako ya taɓa ƙasa sam. A haƙa rami ƙafa 2, a zuba kankare, a dasa takalmin ƙarfe da mai walda ya ƙera, ginshiƙi ya zauna cikinsa ya ɗaga kamar inci 2 daga daɓe. Ruwan shara ya wuce ta ƙarƙashi, kuma in gara ta fara ginin hanyarta a jikin ƙarfen, za a gani a kankare ta. Duk inda zarto ya yanka sai ya sha Solignum, maganin da ke kare katako daga gara, kafin a haɗa.

Manyan mahaɗai kuwa noti nake ɗaurewa, ƙusa ba ta riƙe su. Iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana kwashe rufin kwano ma, balle rumfar da aka ɗora wa zana. Ina sa tokare a kowace kusurwa ta sama, in kuma bar wa mai gida sifana, saboda katako yana ci gaba da bushewa, notin kan saki bayan hunturun farko.